Kafin ka sayi kyamara marar madubi, fara tambayar kuɗin gilashinta

Duk inda matasa masu ɗaukar hoto da bidiyo suka haɗu, gardamar ɗaya ce: Sony ko Canon? Wani ya jefo Nikon, wani ya rantse cewa Panasonic ba ta da na biyu a bidiyo, a wuni ana kawo lambobi. Tambayar ba laifi ba ce, sai dai ba ita ya kamata a fara yi ba. Kusan duk kyamarar da waɗannan kamfanoni suka fitar daga 2018 zuwa yau za ta ba ka hoton da zai shiga albam ɗin biki ko a haska shi a talabijin ba tare da ka ji kunya ba. Inda ake tafka asara shi ne wajen gilashin da ake ɗaura mata a gaba, wato lens, sai kuma wajen abubuwan da takardar talla ba ta faɗa: yadda za ta yi da zafin Afrilu, da ƙurar hunturu, da wutar da ba ta tsayawa.

A cikin tsohuwar kyamarar DSLR akwai ɗan madubi a jingine a bayan gilashi. Haske ya shigo, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da mai ɗauka yake leƙawa. Da ka danna sai madubin ya ɗage, haske ya isa sensa, wato farantin da ke kama hoton, sannan madubin ya koma mazauninsa. Ƙarar da ake ji ke nan. Tsarin ya yi wa hoto aiki shekara da shekaru, amma bidiyo ya tona masa asiri. Don a ɗauki bidiyo dole madubin ya tsaya a ɗage, tagar leƙe ta yi duhu, na'urar saita fokas kuma, wadda ta dogara da hasken da madubin yake raba mata, ta zauna ba aiki. Shi ya sa Canon 5D Mark II ta 2008, wadda ta sa masu fim da yawa suka koma ɗauka da kyamarar hoto, da hannu ake juya mata fokas idan ana bidiyo. A wannan shekarar ce Panasonic ta fitar da Lumix G1, ta farko da ta yar da madubin tana kuma karɓar canjin gilashi. Sony ta kai tsarin kan babbar sensa a 2013 da a7, Canon da Nikon kuwa sai a 2018 suka biyo da EOS R da Z6 da Z7. Tun daga nan kusan duk sabon jiki da sabon gilashi a wannan ɓangaren suke fitowa.

Babbar ribar cire madubin ita ce kana ganin hoton kafin ka ɗauke shi, domin tagar leƙe ta zama ɗan allo mai nuna abin da sensa take gani. Ga mai aiki a ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga ango baƙin mutum cikin farar shadda, da tsakar rana, a ƙofar masallaci. Ma'aunin hasken kyamara yana ganin fari ya yi yawa sai ya rage, fuskar ta nutse cikin duhu. Ka ƙara haske don fuska, aikin zaren da ke wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat, ba kuma ya dawowa wajen tacewa. Da DSLR sai ka ɗauka sannan ka duba allon baya, allon da rana ba ta barin ka gani sosai. Da marar madubi kana gani a ido tun kafin ka danna, har ka iya kunna layukan gargaɗi da ke bayyana a kan duk wurin da ya kusa ƙonewa. Ga fokas da yake zaune a kan sensar kanta, yana kama idon mutum yana bin sa ko a hoto ko a bidiyo. Ga kuma ɗauka ba ƙara, abin da mai ɗaukar ɗaurin aure ko zaman tafsiri zai san darajarsa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Da aka cire madubi, tazarar da ke tsakanin bakin kyamara, inda ake ɗaura gilashi, da sensa ta ragu ƙwarai, kowane kamfani kuma ya yi sabon baki nasa. Tsohon bakin Canon EF milimita 44 ne tsakaninsa da sensa, sabon RF milimita 20. Na Nikon F 46.5 ne, sabon Z ya koma 16. Na Sony E 18. Wannan ragin ne ya sa tsohon gilashin DSLR yake hawa sabuwar kyamara: adafta kawai za a sa ta cike gurbin da madubi ya bari. Amma hanyar ba ta juyuwa, sabon gilashi ba ya komawa kan DSLR, gilashin RF kuma ba zai yi maka aiki a kan Sony ba. Ranar da ka sayi jiki, a ranar ka zaɓi kasuwar da za ka riƙa sayen gilashi a cikinta na shekaru. Jikin kyamara kamar mota yake, daga ranar da ka ɗauko shi darajarsa take sauka, bayan 'yan shekaru wani ya fito ya shafe shi. Gilashi mai kyau kuwa kamar fili ne, yana nan ana canja masa jiki bayan jiki.

Wanda yake ganin zuzutawa ce ya tambayi masu Canon M50. Ta fito a 2018, ta yi farin jini sosai a hannun masu bidiyon YouTube saboda araha da sauƙin aiki. Bakinta EF-M ne, Canon kuma ta daina sabunta wannan layin ta mai da hankali kan RF, gilasan EF-M ɗin ba sa hawa sababbin kyamarorin kamfanin da ya ƙera su. Samsung ma ta fitar da NX1 a 2014, kyamarar da ta yi wa tsararrakinta nisa a lokacin, ba a jima ba ta fice daga harkar baki ɗaya. Kyamarorin suna aiki har gobe, amma duk wanda ya tara musu gilasai ba shi da inda zai kai su gaba.

Sai maganar wa yake da izinin ƙera gilashi wa wane baki, wadda a wurina ita ce ta fi taɓa aljihu. Tun 2011 Sony ta buɗe bayanan bakin E ga sauran kamfanoni, shi ya sa Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox suka cika shi da gilasai masu fokas da kansu a kowane farashi. Tamron 28-75mm f/2.8 (lambar f faɗin ƙofar haske take nunawa, ƙaramar lamba babbar ƙofa) da ta fito a 2018 ba ta kai rabin kuɗin 24-70mm f/2.8 na Sony ba, aikin biki kuwa tana yin sa tsaf, kuma ina da yaƙinin ta sayar wa Sony jiki fiye da tallan Sony da yawa. Canon ta ɗauki wata hanyar, ta riƙe bakin RF a hannunta. Sai a Afrilun 2024 Sigma da Tamron suka sanar da cewa za su yi masa gilasai da izini, izinin ma a lokacin ya tsaya ne kan na ƙaramar sensa. Gilasan Canon na RF suna da kyau ƙwarai, irin 28-70mm f/2 da ta ba kowa mamaki a 2018, amma tsakanin masu araha da masu tsadar gaske akwai rami. Nikon tana tsakiya, tana ba Tamron da Sigma izinin wasu gilasai. Panasonic da Leica da Sigma sun haɗa kai a kan bakin L tun 2018, don haka manyan gilasan Sigma suna hawa Lumix kai tsaye. Sony ma ba duka ta saki ba: idan gilashin ba nata ba ne, manyan kyamarorinta suna taƙaita jerin ɗauka a hoto 15 cikin daƙiƙa, abin da mai ɗaukar biki ba zai taɓa lura da shi ba amma mai ɗaukar ƙwallo zai lura.

Duk da haka ba zan ce wa mai tsofaffin gilasan Canon ya bar Canon ba. Bakin EF yana nan tun 1987, gilasansa na hannu sun cika duniya, adaftar Canon kuma tana sa su aiki a kan sabon jiki ba tare da an rasa komai ba, sau da yawa ma fokas ɗinsu ya fi daidai fiye da yadda yake a kan DSLR. Wanda ya mallaki 24-70 da 70-200 na EF ya riga ya biya kaso mafi tsoka na kuɗin, jiki da adafta kawai ya rage masa. Na Nikon akwai ɗan tarko: adaftar FTZ tana tafiyar da gilasan da ke da mota a cikinsu, amma tsofaffin da jikin kyamara ne yake juya musu fokas sai dai da hannu. A tambaya kafin a biya.

Girman sensa shi ne wuri na biyu da ake yawan kashe kuɗin da bai zama dole ba. Babbar sensa, wadda ake kira ful-firem, milimita 36 ce a 24. APS-C kusan 23.5 a 15.6, ta Canon ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Micro Four Thirds 17.3 a 13. Ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take gani, don haka gilashin 50mm a kan APS-C yana ba da faɗin da 75mm zai bayar a babba, 80mm idan Canon ce, a kan Micro Four Thirds kuma 100mm. Babbar sensa ta fi tsabta a duhu, kimanin mataki ɗaya da ɗoriya (kowane mataki ninki biyu ne na haske) a kan APS-C, mataki biyu a kan Micro Four Thirds, kuma ta fi narkar da bayan mutum. Gaskiya ne duka. Amma a tuna cewa an shafe shekaru masu yawa ana ɗaukar manyan finafinan duniya a kan faɗin da ake kira Super 35, wanda bai wuce APS-C da wani abin kirki ba. Jiki mai APS-C da Sigma 18-50mm f/2.8 da fitilu biyu masu kyau zai fi jiki mai babbar sensa da gilashin da aka haɗo shi da shi a kwali, wanda ƙofar haskensa take tsukewa zuwa f/5.6 ko fiye da zarar ka jawo abu kusa.

Narkar da bayan nan ma ana wuce gona da iri a kansa. Dangin amarya sun jeru layi uku a tsakar gida, iyaye mata a kan kujeru, 'yan mata a tsaye bayansu, yara a durƙushe a gaba. Mai hoto ya buɗe gilashi a f/1.4 saboda ya biya kuɗin f/1.4. Hoto ya fito, amarya tangaram, gwaggonta da ke bayanta da taku ɗaya ba a gane idonta sosai. Ba wanda zai yaba maka laushin bangon da ke baya idan fuskar mahaifiyarsa ta dishe. Irin wannan hoton f/5.6 ko f/8 yake so, a nan kuwa gilashi mai tsada da mai araha sun kusa zama ɗaya, ƙaramar sensa ma ta fi sauƙin riƙe kowa a fokas.

Megafiksel ba zan daɗe a kansa ba. Guda 24 na nufin ɗigo 6,000 a 4,000, ya isa a wanke hoton bango babba. Bidiyon 4K ɗigo miliyan 8.3 ne kacal, shi ya sa Sony a7S III, wadda aka yi don bidiyo a 2020, take da 12 kawai. Yawancin aikinmu ma a WhatsApp da Instagram yake ƙarewa, su kuma matse shi suke yi. Guda 45 yana amfani ne ga wanda zai yanko mahayi ɗaya daga cikin taro da nisa, sai dai ya shirya sayen manyan katuna da kwamfuta mai ƙarfi.

Idan bidiyo ne gaba a aikinka, lissafin ya canja, kuma abin da ya fi raba kyamarori a nan zafi ne. Yawancinsu kamfanonin sun rubuta cewa an yi su don aiki tsakanin digiri 0 da 40. A Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, har da Kano, ana wuce 40 a inuwa a watannin Afrilu da Mayu, ballantana baƙin jiki da ke tsaye a kan ƙafafunsa cikin rana. Canon R5 ta 2020 ta yi suna da 8K, ta kuma yi suna da ɗaukar zafi har ta tsaya, kamfanin ya bi ta da gyare-gyaren manhaja, daga baya ya fitar da R5 C mai fanka a ciki. Sony FX3 da FX30 suna da fanka, haka Panasonic GH6 da S5 II. Ga mai ɗaukar wa'azi na awa biyu, ko taron siyasa, ko fim mai dogon zango da ake wuni a lokeshan, fankar nan ta fi masa 8K amfani nesa ba kusa ba. Wanda kyamararsa ba ta da ita sai ya taimake ta: ya janye allon baya daga jiki, ya sa mata lema, ya ba ta wuta daga waje don kada batir ya ƙara mata zafi a ciki, idan Sony ce kuma ya ɗaga ma'aunin zafin da take kashe kanta a kai. Akwai kuma tsofaffi irin Sony a7 III da Canon R6 ta farko da suke yanke ɗauka kafin minti 30 ya cika ko da ba zafi, ƙa'idar da ta samo asali daga harajin da Tarayyar Turai take ɗora wa kyamarorin bidiyo a da. A a7 IV da R6 Mark II an cire wannan.

Bayan zafi sai launi. Bidiyo mai bit 8 yana raba kowane launi zuwa matakai 256, mai bit 10 zuwa 1,024. Idan ka ɗauka ka saki yadda yake, ba lallai ka ga bambanci ba. Amma idan ka ɗauka a yanayin log, wanda yake fitowa fari-fari don ya riƙe bayanan haske da na duhu, sannan ka zo ja da launi wajen tacewa, bit 8 yana tsagewa: sararin sama ya yi layi-layi, inuwar da ke gefen baƙar fuska ta yi dabbare-dabbare. Panasonic GH5 ta kawo bit 10 a cikin ƙaramin jiki tun 2017, a7 III kuwa, duk farin jininta, bit 8 ce. Sai dai bit 10 yana zuwa da nasa kuɗin. Ɗauka a megabit 100 cikin daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa, a 400 tana cin 180. Katin SD mai alamar V30 ba zai ɗauki na biyun ba, sai V60 ko V90, wasu yanayin ma sai CFexpress. Tsohuwar laftof kuma za ta riƙa tsayawa tana sheƙa idan ka ɗora mata irin wannan fayil. Wanda bai shirya wa kwamfuta da rumbun ajiya ba, gara ya daidaita haske da launi tun a wurin ɗauka.

Akwai saiti ɗaya da ba ya cin ko kwabo amma yana ɓata aiki da yawa. Wutar Najeriya da ta Nijar bugu 50 take yi a daƙiƙa, ta Amurka 60. Yawancin darussan da matasa suke kallo daga Amurka suke, sai su saita kyamara a hoto 30 ko 60 cikin daƙiƙa da shota, wato tsawon lokacin da haske yake shiga, a 1/60 na daƙiƙa, su shiga ɗakin taro, fitilu su riƙa ƙyaftawa a cikin bidiyon. Mu namu 25 ne ko 50, shota 1/50 ko 1/100. Idan janareta ne yake ba da wuta bugunsa na iya kaucewa daga 50, a nan kyamarorin da ke barin ka ɗan matsa saurin shota kaɗan-kaɗan har ƙyaftawar ta ɓace suke nuna amfaninsu. A duba kuma ko kyamara tana yanke faɗin hoto a 4K mai 50: a7 IV da S5 II suna komawa faɗin APS-C, R6 Mark II da Nikon Z6 III ba sa yankewa. A cikin ɗakin amarya, inda bayanka ya riga ya taɓa bango, wannan yankan ba wasa ba ne.

Shota 1/50 ɗin nan kuma ita ce take tilasta sayen filtar ND, baƙin gilashin da ke rage haske. Lissafin a fili yake. A rana tsaka, da ISO 100, wato ma'aunin yadda sensa take jin haske, da shota 1/50, ƙofar haske sai ta tsuke zuwa wajen f/22. Don ka dawo f/2.8 sai ka rage haske mataki shida. Idan log kake ɗauka, wanda yawanci yake farawa daga ISO 640 ko 800, ƙara wajen mataki uku a kai. Ma'ana, gilashin f/2.8 da ka kashe maƙudan kuɗi a kansa ba zai buɗu a waje ba sai da filta. Dabarar ita ce ka sayi filta daidai da bakin gilashinka mafi faɗi, sauran ka haɗa su da zoben ƙari. Masu tsofaffin gilasan EF suna da wata gata a nan, domin Canon tana da adafta da ake zura filtar a cikinta, guda ɗaya ta wadatar da duk gilasan.

Gilashin da ya yi kyau a hoto ba lallai ya yi a bidiyo ba. Wani idan fokas ya tashi daga fuskar kusa zuwa ta nesa sai faɗin hoton ya ɗan motsa kamar an yi zum. Wani motarsa tana ƙara har makirufo ya ɗauka. Wani nauyinsa zai gajiyar da gimbal, wato mariƙin da ke hana girgiza, da hannunka tun kafin a kai amarya. Jikin ma haka: Panasonic kafin S5 II ta 2023 fokas ɗinta yana ɗan kai da komo a bidiyo, don haka GH5 ta hannu, duk arhar da ta yi, ta fi dacewa da hira ko shirin da mutum yake zaune, ba da bin mai rawa ba. FX30 kuma ba ta da tagar leƙe ba ta da shota ta ƙarfe, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa, kyamarar bidiyo ce zalla, kada mai hoton biki ya ruɗu da ita.

Ɗauka marar ƙara tana da nata aibin. Yawancin sensoci daga sama zuwa ƙasa suke karanta hoto, layi bayan layi. Tsaya a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, mahaya sun sako dawakai a guje za su yi jafi, kana bin su da 70-200. Idan sensar tana da jinkirin karatu, mashin da mahayi ya riƙe a tsaye zai fito a karkace, ginin da ke baya ya jingina gefe. A ƙarƙashin fitilun LED na ɗakin biki kuma hoton ya fito da zane-zanen duhu. Sensoci masu saurin karatu irin na Nikon Z8 da Z9 da Fujifilm X-H2S sun rage wannan ƙwarai, har Nikon ta cire shota ta ƙarfe daga Z9 gaba ɗaya a 2021, Sony a9 III kuma tana karanta dukkan hoton a lokaci guda. Duk masu tsada ne. Ga mai hoto maganin kyauta ne: ya koma shota ta ƙarfe duk lokacin da abu yake gudu ko fitila take ƙyaftawa.

Sai ƙura, wadda ita ce harajin da muke biya na cire madubi. A DSLR madubi da shota suna tsare sensa. A marar madubi, da ka kwance gilashi ga ta nan a fili, ƙasa da faɗin yatsu biyu daga iska. A watan Janairu, lokacin da hazo yake rufe gari, canjin gilashi ɗaya a waje ya isa ya bar maka ɗigo. Ba za ka gan su a f/2.8 ba, sai ka tsuke zuwa f/11 ka ɗauki sama su fito baƙi-baƙi. A hoto ana gogewa ɗaya bayan ɗaya. A bidiyo ɗigon yana zaune wuri ɗaya cikin dubban hotuna yayin da komai yake motsi a bayansa. Canon ta fara rufe shota idan an kashe kyamara tun daga EOS R, Z8 da Z9 suna da murfin kariya na musamman, a7 IV ma tana da zaɓin rufewa, abin dubawa ne kafin saye. Sauran ya rage ga hannu: ka kashe kyamara, ka juya wa iska baya, ka kifa bakinta ƙasa, sabon gilashi yana shirye a ɗaya hannun. Abin hura iska na roba ya zauna a jaka. Ba a hurawa da baki, ba a gogewa da gefen riga. Wannan ne ma ya sa nake ganin gilashi irin Tamron 35-150mm f/2-2.8, duk da ya haura kilo ɗaya, ya fi dacewa da mu fiye da yadda ya dace da waɗanda suka ƙera shi: daga hoton taro har na fuska ba ka buɗe kyamara ba.

Batir ma ya ja baya. Nikon D750 an auna ta a hoto 1,230 da caji ɗaya, a7 III a 610 idan ta taga kake leƙe, ita ce ma ake yabo a tsararrakinta. Abin da ya sassauta lamarin shi ne sababbin suna karɓar caji ta USB-C, don haka babban fawa-bank yana iya riƙe ka wuni. Ramin kati biyu kuwa, ga mai aikin biki, ba na sa shi cikin abin da ake ciniki a kai. Kati yana mutuwa ba sallama, ɗaurin aure kuma ba a maimaita shi. Canon R8 tana ba da hoto irin na R6 Mark II a kuɗi ƙasa da nata sosai, amma raminta ɗaya ne kuma ba ta da abin hana girgiza a jiki. Ga mai yawo da iyali ta isa har ta yi yawa, ga wanda ya karɓi kuɗin mutane kuwa ban ba shi shawara ba.

Gardamar kalar Canon da kalar Sony tana da gaskiya a wuri ɗaya: wajen masu wanke hoto nan take a wurin biki, waɗanda abin da kyamara ta fitar shi za su miƙa. Su ya kamata su gwada kowace a kan fatar mutanenmu, su kuma duba Fujifilm, wadda ta yi fice a launin da ke fitowa kai tsaye. Wanda yake ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil, ya zauna ya tace, bambancin ya ragu ƙwarai. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ka duba me abokan aikinka suke riƙe da shi a garinku. Idan duk Sony ce a hannunsu, ranar da batirinka ya mutu ko kake buƙatar hayar 70-200 na wuni ɗaya za ka samu, mai gyara ma ya saba da cikinta, ranar sayarwa kuma akwai mai saye.

Da yake yawancinmu na hannu muke saye, kada a biya sai an gwada. A duba adadin bugun shota. A tsuke gilashi zuwa f/16 a ɗauki farin bango, a buɗe hoton a kwamfuta: ƙura tana fita, amma ƙarce a kan sensa ba ya fita. A haska tocilan ta cikin gilashin a nemi farin zare-zare irin na yanar gizo, domin kayan da suka zauna a wuri mai laima suna yin fumfuna a ciki. A ɗauki rubutun jarida da ƙofar haske a buɗe, a ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kaifi, alamar gilashin ya taɓa faɗuwa ke nan. A gwada ramukan katin duka biyu da duk wata kafa ta waya, a kuma tabbatar batirin na asali ne. Sannan a roƙi mai kaya ya bari a kunna 4K a bar ta tana ɗauka na rabin awa a nan cikin shagon, da zafin da ake ciki, a ga ko alamar zafi za ta fito da kuma yawan cajin da ya rage.